Kilo 46 na Umma: Nazarin Kayan Tafiyar Wata Uku Daga Kano Zuwa Madina, Makka da Mancesta

A al'adarmu mai cikin fari ita ake kaiwa gidan iyayenta ta haihu, ta yi wanka, ta cika arba'in a gaban mahaifiyarta. Autarmu ba ta samu wannan gatan ba. Tana aure a Mancesta ta ƙasar Ingila, mijinta yana aiki, ita tana karatu, kuma lissafin asibiti ya nuna haihuwar za ta zo a ƙarshen Janairun 2024. Tunda 'ya ba za ta zo gida ba, sai aka ce gida ya je mata. Umma ce za ta tafi. Ta haura shekara 60, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma in ban da aikin Hajji da ta yi sau ɗaya cikin tsananin zafi, ba ta taɓa barin Najeriya ba.

Da biza ta fito sai ta kafa sharaɗi. Ta ce ba za ta tsallake Ɗakin Allah ta wuce ƙasar Turawa ba, sai ta fara yin Umara ta roƙa wa 'yarta sauƙin haihuwa. Ƙanina ya ɗauki hutu don ya raka ta. Tsarin ya zama kwana shida a Madina, bakwai a Makka, daga Jidda shi ya juyo gida ita ta wuce Mancesta ita kaɗai, ta zauna har bayan ƙaramar Sallah, ta dawo Kano a tsakiyar Afrilu. Ni ce 'yar fari, ni ce kuma a kusa, don haka haɗa kayan a wuyana ya faɗo. Tun bayan dawowarta mata suke tambayata yadda muka yi, domin yanzu iyaye mata da yawa suna tafiya jego Ingila da Amurka da Kanada. Shi ya sa na ga ya dace in zayyana lamarin kamar yadda ya faru, da inda na dace da inda na jawo mata wahala.

Kafin in taɓa akwati na ɗauki takarda na rubuta garuruwan da yanayinsu. Kano a Janairu hunturu ne, da asuba ma'auni kan sauka zuwa digiri 13 ko 14, da rana ya koma wajen 30. Makka a wannan watan rana takan kai 30, dare kuma bai cika yin sanyin da zai dami mutum ba. Mancesta a ƙarshen Janairu da Fabrairu da ƙyar rana take wuce digiri 7 ko 8, dare yana gab da daskarar da ruwa, ga yayyafi kusan kullum. Kano a Afrilu kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba, bazara ce tsagwaronta, digiri 40 ba abin labari ba ne. Madina ce ban ba layinta ba. Na haɗe ta da Makka na rubuta "Saudiyya, zafi", domin abin da Umma ta gani a Hajjinta ke nan, abin da kowa yake faɗa ke nan. Daga wannan layin ɗaya rabin wahalar tafiyar ta fito.

Lissafin kilo

Tafiyar ba tikiti ɗaya ba ce, uku ne, kowanne da ƙa'idar kayansa. Na Kano zuwa Madina ya ba da akwati biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu kilo 7. Na dawowa daga Ingila ma haka. Amma na tsakiya, daga Jidda zuwa Mancesta, mai rangwame surukinmu mijin Auta ya saya, kuma akwati ɗaya tak ya yarda da shi. Ba mu lura ba sai ana saura mako guda, da na zauna ina karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar. Muka yi sauri muka biya kuɗin akwati na biyu ta intanet, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan biya a gaban ma'auni a filin jirgi. Duk wanda tafiyarsa ta haɗa tikiti fiye da ɗaya, tikitin da ya fi ƙarancin kilo shi ne yake da iko da kayansa. Kuma kilo 46 ɗin ba a dunƙule suke ba. Ba a yarda akwati ɗaya ya yi 30 ɗaya ya yi 16 a ce ai jimilla ta yi daidai, kowanne a kan 23 ake auna shi.

Kayan har hanyar da za a bi sai da suka zaɓa. Ƙanina ya so su hau jirgin ƙasan Haramain mai gudu, wanda yake cinye kilomita 450 da ke tsakanin Madina da Makka cikin kamar awa biyu da rabi. Sai ya tarar jirgin akwati ɗaya mai kilo 25 da jakar hannu yake karɓa ga kowane fasinja, ga iyakar girma da akwatunan Umma suka wuce. Suka haƙura da mota, tafiyar awa biyar zuwa shida.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar jirgi ban yarda da ido ba. Na sayi ƙaramin sikelin ratayawa, kuma shi ne ya tona asirin ledojin nan da ake zuƙe wa iska. Suna matse rigar sanyi ta koma kamar faifai, sai ki ga fili ya samu a akwati, ki ƙara kaya, ki manta cewa iska kawai kika cire, nauyin yana nan daram. Karon farko da na rataya akwatin sai da ya haura ƙa'ida da kilo 6.

Abin da ya cika akwatin ba tufafi ba ne

Da labarin tafiyar ya bazu, gidanmu ya koma kamar tasha. Gwaggo ta aiko da man shanu cikin galan da dambun nama. Kawu ya yo odar kilishi. Maƙwabta biyu suna da 'ya'ya a Ingila, kowacce ta kawo ƙunshin saƙo. Ita kanta Umma ta tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da tsamiya da zoɓo, da garin gero na kunu, da yajin jego da ta daka da hannunta, citta da kanumfari da masoro da kimba, sai busasshen kifi da ƙatuwar kanwa ungurnu.

A nan na fi shan wuya, domin mayar wa babba kyautarsa ba ƙaramin abu ba ne. Amma dokar Birtaniya a fili take, ba a shiga da nama ko madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashenmu. Kilishi da dambu da man shanu duk sun faɗa ciki. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kuma kilo 2. Goro ma na cire, tunda ta Saudiyya za a fara bi, kuma kowace shekara hukumomin alhazai suna jan kunne a kansa. Na je har gidan Gwaggo na durƙusa na yi mata bayani cewa in aka kama kayan zubarwa za a yi, a kuma tsayar da Umma ita kaɗai a gaban jami'an da ba ta jin yarensu. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa ta haƙura. Saƙon maƙwabta kuwa na buɗe kowanne a gaban mai shi, na karɓi abin da bai wuce rabin kilo ba. Ba na barin tsohuwa ta ɗauki ƙunshin da ba ta san abin da ke ciki ba, ko na waye.

Kanwar ce muka yi doguwar magana a kanta. Umma ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke, yanzu mai jego za ta yi arba'in ba kunun kanwa? A ina aka taɓa yi?" Na ce, "Umma, ku yi haƙuri, likitarta ta ce jininta ya ɗan hau a watan nan." Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Na faɗa mata wannan, ta yi shiru, sannan ta ce a bar mata ɗan gutsure na miyar kuka da kuɓewa. Da haka kilo ɗaya da rabi ya fita.

Sai tufafi. Auta ta faɗa mini a waya da bakinta, "Yaya, kada ku sayi kwat a nan, ku bari ta zo a saya mata. Tamal kawai ku nema, da safa masu kauri." Tamal ita ce siririyar riga da dogon wando masu manne wa jiki da ake sawa a ƙarƙashin kaya. Ban ji maganarta ba. Hoton da ke raina shi ne Umma ta fito daga jirgi cikin ƙanƙara ba abin rufa. Na tafi Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na zaɓo dogon kwat na ulu mai nauyin kusan kilo 3, da suwaita biyu masu kauri irin waɗanda ake zurawa ta ka, da wata guda sirirya mai zif da na ƙara don mai kayan ya yi mini ragi. Tamal ɗin ma na samo saiti biyu, amma da Umma ta ɗaga wandon sai ta ajiye. "Ni da girmana in sa wando a gidan suruki?" Na naɗe na tura can ƙasan akwati ban ce komai ba.

Daga nan na raba kayan gida biyu, ina ganin na yi dabara. Akwatin farko na Ingila: abinci a ƙasa cikin leda biyu-biyu, kayan jariri, leshi da shadda na fita har kala tara, da duk wani abu mai ɗumi. Wannan za a naɗe shi da leda a filin jirgin Malam Aminu Kano, ba mai buɗe shi sai a Mancesta. Akwati na biyu na hanya: abaya uku marasa nauyi, hijabai, dogayen rigunan atamfa biyar, zannuwan barci, silifas. A jakar hannu na sa fasfo da katin rigakafin shawara da na sanƙarau, da magungunanta cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita. Mai kantin maganin unguwarmu, Allah ya saka masa, shi ya ce kada in lissafa wata uku a kwana 90, in ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya in ƙara na mako biyu. Da na ƙirga sai ga su sun kusa 100.

Madina

Daren su na biyu izinin shiga Rauda ya fito musu a manhajar Nusuk, kuma lokacin mata bayan isha'i ne can cikin dare. Ana tara mata a harabar masallaci a jira a kira rukuni-rukuni. Umma ta zauna a kan marmara fiye da awa ɗaya da abaya shara-shara da hijabi, ƙafa ba safa. Madina tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, hamada ta kewaye ta, kuma a Janairu dare kan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka, ga iska tana kaɗawa a wannan fili mai faɗi ba abin da ke tare ta. Ta samu ta shiga Rauda, ta yi addu'arta, amma ta dawo masauki haƙoranta suna haɗuwa. Da asuba gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, mura ta kama ta.

Ƙanina ya kira ni ta bidiyo. Ba zan manta fuskarta ba, ta naɗe kanta da tawul ɗin otal tana ce mini ba komai. Duk abin da zai taimake ta ni da hannuna na kulle shi a akwatin da na ce kada a buɗe. Na ce ya yanka ledar ya tono. Yana buɗewa warin daddawa ya cika ɗakin. Leda biyu ba ta riƙe shi ba, kuma ulu yana shan wari kamar soso, kwat ɗin nan da suwaita masu kaurin duk sun ɗauka. Daddawa da yaji da kifi a robobi masu murfin murɗawa ya kamata su shiga, a liƙe bakin da salatif, kuma kada su kwana akwati ɗaya da ulu.

A ranar ta sa wandon tamal a ƙarƙashin abaya, tunda ba mai gani. Bayan azahar ta ce wa ƙanina, "Ashe abin nan rahama ne." Ya kai ta shagunan da ke gefen Harami ya saya mata safa da mayafi mai kauri, a nan kuma ta ga huffi na fata a rataye ta ce a saya mata. Cikin duk kayan tafiyar, wannan huffin da ba ya cikin lissafina shi ya fi komai yi mata amfani.

Makka

Sun ɗauki harami a Zul-Hulaifa da sassafe. Namiji a nan ya fi shan sanyi, ƙanina da ƙyalle biyu yana rawar ɗari har sai da ya yafa bargo a kafaɗa. Mace kuwa tufafinta ne haraminta, niƙabi da safar hannu kawai aka hana ta, don haka Umma ta shiga mota da tamal sama da ƙasa, da suwaita mai kauri, da abaya da hijabi. Wanda sanyi ya taɓa dukansa ba ya yarda ya rage kaya.

Da haka ta shiga ɗawafi da rana tsaka. Marmaran filin ɗawafi fari ne da aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi, ƙafa tana jin daɗinsa, amma rana tana bisa kai, ga cunkoson jama'a. A zagaye na huɗu gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ba ta da yadda za ta yi, domin rigar da ake cirewa ta ka, mace mai hijabi ba ta iya cire ta a tsakiyar mutane. Ta daure ta gama, suka wuce sa'ayi, wanda kaiwa da komowa bakwai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, kuma wurin a rufe yake da na'urorin sanyaya iska. Jiƙaƙƙun kayan suka huce a jikinta. Jiri ya ɗebe ta, sai da ta zauna ta sha zamzam ta huta kafin ta ƙarasa.

Wannan ranar ce ta koya mini abin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Shawarar da ake bayarwa ita ce a sa kaya hawa-hawa, in zafi ya zo a rage. Gaskiya ce, amma ga macen da take fita da hijabi, hawan da za a iya cirewa a bainar jama'a shi kaɗai ne yake shiga wannan lissafin. Suwaita mai zif ko maɓalli a gaba, hannu kawai za ta sa a ƙarƙashin hijabi ta zare ta, ba wanda ya sani. Tamal da mai zurawa ta ka kuwa, duk wadda ta sa su ta ɗaure kanta har sai ta samu ɗaki. Tun daga ranar, siririyar suwaitar nan mai zif da na saya a matsayin gyara ita ta zama abokiyar tafiya. Tana cikin 'yar jakar goyo tare da safa da mayafi, a sa in an shiga ɓangaren masallaci mai sanyi ko an fito tahajjud, a cire in an fito rana.

Mancesta

Daga Jidda jirgi kai tsaye ne, awa shida da wani abu. A nan mun riga mun yi hankali. Ta sa tamal a banɗakin filin jirgi dab da shiga, ta riƙe kwat a hannu, ƙanina ya tabbatar an rubuta mata keken tura marasa ƙarfi a tikiti, ya kuma saya mata jarkar zamzam mai lita 5 da ake sayarwa a rufe. Surukin ya tarbe ta da yamma, gari ya riga ya yi duhu, domin a ƙarshen Janairu kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi a can. Tsakanin ƙofar fita da inda ya ajiye mota bai fi tafiyar minti biyar ba, amma iska da yayyafi suka jiƙa kwat ɗin ya ƙara nauyi a kafaɗarta, takalminta mara tudu ya sha ruwa har safa.

Mu a nan in an ce sanyi, busasshen sanyin jaura muka sani, mai fasa leɓe da dunduniya, wanda da hantsi ya yi an fito rana an sha ɗumi shi ke nan. Maganinsa kauri. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana tafe da iska, kuma ranar da za a fito a sha babu ita, sai a yi kwanaki ba a ga idonta ba. Maganinsa abin da ruwa da iska ba sa ratsawa. Bayan kwana biyu surukin ya fita ya dawo da jaket mara nauyi mai hula, tsawonta har gwiwa, da takalmi sau-ciki mai ƙasan roba da ya fi ƙafarta da lamba ɗaya saboda safa. Ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinta ya ce, "Umma, ku gwada ku gani ko sun yi." Kwat ɗin Ƙofar Wambai ba a sake sa shi ba. Abin da Auta ta faɗa tun farko ke nan, ita ce ganau, ni jiyau ce na ƙi saurara.

Auta ta sauka lafiya, namiji, kwana biyar da isar Umma. Daga nan rayuwar ta koma cikin gida, kuma a cikin gidan ne aka ga kayan da suke aiki. Hita da gas take aiki, gas kuwa da tsada, don haka sa'o'i ake kunna ta safe da dare. Shigar Umma ta kullum ita ce tamal, doguwar rigar atamfa, suwaita mai zif da safa. Shanya a waje babu, a kan ƙarfen shanya kusa da hita ake baza wanki. Atamfa in an wanke da dare kafin safe ta bushe, tamal ma haka, suwaita mai kauri kuwa sai ta yi kwana biyu ko uku. Riguna biyar ɗin nan su suka yi mata wata uku ba ta rasa abin sawa ba. Leshi da shadda kala tara, biyu kawai ta sa, ɗaya ranar suna, ɗaya ranar Sallah. Mai duwatsun ma ba ya shiga injin wanki.

Huffin ya raba ta da babbar wahala. Ɗaga ƙafa zuwa kwamin wanke hannu sau biyar a rana ga mai ciwon gwiwa azaba ce, ga jiƙa daɓen banɗaki mai santsi. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya sa huffin fata bayan cikakkiyar alwala yana shafa a kansa, ba a kuma ƙayyade masa kwanaki ba, sai dai an so a cire ranar Juma'a don wanka. Takan wanke ƙafa da asuba da ruwan ɗumi ta sa, ta wuni tana shafa, ƙafar kuma a ɗumame. Man kaɗanya ma ya yi rana, domin hita tana busar da fata kamar hunturu. Shi daga itace yake, dokar madara ba ta shafe shi ba, kuma ba shi da turare.

Akwai abu ɗaya da har yau ban yanke wa kaina hukunci a kansa ba. Umma tana da tsohon gwado na saƙi da take rufa da shi tun muna yara. Ta sa shi cikin kaya, na cire saboda ya kusa kilo 2, na ce ai akwai bargo a can. Akwai ɗin kuwa, masu laushi da ɗumi fiye da nata. Amma kusan duk wayar da muka yi sai ta ambaci gwadon, ta ce nasu ba shi da nauyi a jiki, barci ba ya zama. A lissafin sikeli na yi daidai. Sai dai mace ce mai shekara 60 da ɗoriya a garin da ba ta san kowa ba, ba kiran sallah, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, kuma abu ɗaya mai ƙanshin ɗakinta na hana ta.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. A farkonsa ana shan ruwa wajen ƙarfe 6, amma yini yana ta ƙaruwa, aka kuma tura agogo gaba da awa ɗaya ranar 31 ga wata, sai ga shan ruwa ya kusa ƙarfe 8 a goman ƙarshe. Garin kunun da na auna na mai jego ne kawai, ban lissafa mutum uku masu buɗa-baki ba (Auta ba ta yi azumin ba saboda shayarwa, amma kunun ai ta fi kowa sha). Kafin goman farko ya fita ya ƙare. Shagunan 'yan Afirka na unguwar Moston suna da manja da garin rogo da doya, amma Umma ta ce geron da aka samo mata ba ya yin kunu irin na gida. Kwat da suwaita biyu da leshi bakwai da ba a sa ba, in aka haɗa nauyinsu ya kai kilo 8. Wurin gero da tsamiya suka tare.

Komowa

An yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, bayan 'yan kwanaki ta kamo hanya. Wannan karon da Auta muka tsara shigar, kuma daga ƙofar da za ta sauka muka faro lissafi. Mancesta a lokacin tana wajen digiri 10 zuwa 12 da rana, Kano tana haura 40. Tamal ba ta shiga jiki ba sam. Ta sa doguwar rigar atamfa da hijabi mara nauyi, suwaita mai zif, sai jaket a sama. A bakin shiga wurin bincike ta zare jaket ɗin ta miƙa wa surukin. Suwaitar ta yi mata aiki a cikin jirgi da filin da suka ya da zango, tana jin an ce an kusa sauka Kano ta zuge ta tura jaka, ta cire safa ta sa silifas ɗin da muka ce a ajiye a saman jakar hannu.

Jaket da takalmi da tamal da safa masu kauri duk an wanke an haɗa su a jaka ɗaya, Auta ta rubuta abin da ke ciki a takarda ta liƙa, ta ɗora a saman durowa. Duk wadda za ta sake zuwa daga gidanmu, Umma ko ni, ta tarar da su. Gurbinsu a akwati tsaraba ta cike shi, har sai da aka sake rataya sikeli aka rage.

Na tarbe ta da la'asar sakaliya, iskar da ke kaɗawa a wajen filin jirgin kamar daga bakin murhu. Ta tsaya ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi, rana." Amma jikin da ya yi wata uku a sanyi bai karɓi bazara nan take ba. Mako guda ta yi ba ta iya cin abincin kirki, ga rashin wuta, sai mun jiƙa mata zani ta yafa da azahar, muna bin ta da ruwa da kunun zaƙi. Ranar da ta kwance kaya tana rabon tsaraba, na ga huffin da siririyar suwaitar a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan jakar hannu. Na ce ai da kun bar su a can tare da sauran. Ta karɓe daga hannuna, ta buɗe adakarta ta sa su a kan gwadon, ta ce hunturu yana nan tafe.